Attajiri, Magajin Gari, Mai Alheri: Nazari a Kan Yadda Aka Rubuta Tarihin Joseph Chamberlain

1.0 Gabatarwa

Tarihin rayuwar mutum guda, a matsayinsa na reshen rubutun zube, yana da wata matsala wadda ƙagaggen labari ba shi da ita. Mai ƙaga labari shi ke ƙirƙiro tauraronsa, ya ba shi halin da ya ga dama. Shi kuwa marubucin tarihin rayuwa yakan iske tauraronsa a shirye, da iyalinsa, da akwatunan wasiƙunsa, da kuma kirarin da jama'a suka riga suka yi masa. Matsalar takan fi tsanani idan tauraron attajiri ne wanda ya riƙe mulki, ya kuma yi suna wajen alheri, domin irin wannan mutum yakan bar gine-gine da takardu masu yawa da za su yi magana a madadinsa, alhali waɗanda ayyukansa suka shafa ba su bar kome ba.

Manufar wannan maƙala ita ce a duba yadda manyan littattafai biyu suka kawo rayuwar Joseph Chamberlain (1836-1914), mai masana'anta kuma magajin garin Birmingham ta ƙasar Ingila. Na farko shi ne The Life of Joseph Chamberlain, wanda J. L. Garvin ya fitar da juzu'i uku nasa tsakanin 1932 da 1934, sa'an nan Julian Amery ya ƙarasa sauran ukun a 1951 da 1969. Na biyu shi ne Joseph Chamberlain: Entrepreneur in Politics na Peter Marsh, wanda ya fito a 1994. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, ko da yake littattafan sun sha bamban wajen salo da hukunci, dukkansu daga teburin tauraron suke kallon duniya, saboda haka mutanen da aka yi wa aikin ba tare da an tambaye su ba sun ɓace daga labarin.

2.0 Taƙaitaccen Tarihin Tauraron

An haifi Chamberlain a Landan ranar 8 ga Yuli 1836, a gidan masu sana'ar takalma. Iyayensa mabiya ɗarikar Unitarian ne, watau wani reshe na Kiristanci wanda bai yarda da aƙidar Triniti ba, kuma ba ya ƙarƙashin cocin gwamnati. Ya bar makaranta yana da shekara 16. A 1854, yana da shekara 18, aka aika shi Birmingham don ya kula da jarin da mahaifinsa ya zuba a masana'antar John Sutton Nettlefold, mijin gwaggonsa. Masana'antar tana ƙera ƙusa mai zare, watau irin wadda ake murɗa ta cikin katako maimakon a buga ta da guduma, kuma ta sayi haƙƙin amfani da wata sabuwar na'ura ta wani Ba'amurke mai suna Sloan. Chamberlain ne ya riƙe ɓangaren ciniki da lissafi. Ya saye abokan gasa, ya buɗe kasuwa a ƙasashen waje, har kamfanin ya wayi gari shi ke ƙera wajen kashi biyu cikin uku na irin wannan ƙusa a Ingila. A 1874 ya sayar da rabonsa, ya bar kasuwanci yana da shekara 38.

Ya shiga majalisar garin Birmingham a 1869, ya zama magajin gari daga Nuwamba 1873 zuwa tsakiyar 1876, lokacin da aka zaɓe shi ɗan majalisar ƙasa. Daga 1895 zuwa 1903 shi ne Sakataren Ƙasashen Mallaka. Shi ne kuma ya tsaya har aka kafa Jami'ar Birmingham a 1900, ya zama uban jami'ar na farko. Ciwon shanyewar jiki ya kama shi a Yuli 1906, ya rasu ranar 2 ga Yuli 1914.

3.0 Marubutan da Matsayinsu

Kafin a auna abin da littafi ya faɗa, ya kamata a san inda mai shi ya tsaya. Garvin ɗan jarida ne, editan jaridar The Observer daga 1908 zuwa 1942, kuma yana cikin waɗanda suka goyi bayan Chamberlain da alƙalaminsu tun yana da rai. Iyalin marigayin ne suka ɗora masa aikin, suka kuma buɗe masa takardunsa. Shi kuwa Julian Amery ɗan Leo Amery ne, ɗaya daga cikin manyan almajiran Chamberlain a siyasa. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski, kuma askin ya fito fili a salon Garvin, inda jimloli ke tafe da amo irin na maroƙi a gaban sarki, kowace nasara ta zama ta mutum guda, kowane abokin hamayya ya zama mai gajeren hange.

Babban misalin da masana suka kama shi da shi ya shafi harin da Jameson ya kai ƙasar Transvaal a Afirka ta Kudu a ƙarshen Disamba 1895. Kwamitin majalisa da ya binciki al'amarin a 1897, wanda Chamberlain kansa yake cikinsa, ya wanke shi, Garvin kuma ya bi sahun kwamitin. Amma binciken da Jean van der Poel ta buga a 1951, da na Ethel Drus a shekarun da suka biyo baya, sun nuna cewa Chamberlain ya san shirin tayar da fitina a Transvaal fiye da yadda ya amsa. An kawo wannan misali ne don mai karatu ya san irin taka-tsantsan da ya kamata ya yi idan ya zo ga babobin da suka shafi Birmingham, inda babu wani abin kunya da ya tilasta wa masana su sake tono takardu da wuri.

Marsh malamin jami'a ne, ba ya bin kowa bashin yabo, kuma ya yi rubutu shekara 80 bayan rasuwar tauraron. Jigon littafinsa yana nan a cikin sunansa, watau cewa Chamberlain ɗan kasuwa ne da ya shiga siyasa da hankalin ɗan kasuwa, kuma shekaru 20 da ya yi a masana'anta su ne mabuɗin fahimtar sauran rayuwarsa. Wannan jigo ya fi na Garvin ƙarfi nesa ba kusa ba, domin yana bayyana dalili, ba ya tsaya ga jera nasarori.

4.0 Magajin Gari: Abin da Aka Yi da Yadda Aka Ba da Labarinsa

Ayyuka uku ne suka ɗaukaka sunan Chamberlain a Birmingham. Na farko, a 1875 hukumar gari ta saye kamfanoni biyu masu sayar da iskar gas ta fitilu a kan kuɗi kusan fam miliyan 2. Na biyu, a 1876 ta karɓi kamfanin ruwa a kan fam 1,350,000, a lokacin da talakawa da yawa ke shan ruwan rijiyoyin da ƙazanta ta gurɓata. Na uku, ta yi amfani da dokar gyaran gidajen ma'aikata ta 1875 ta tsara rushe unguwannin talakawa na tsakiyar gari, cikin wani shiri da ya shafi eka 93, aka fasa babban titin da ake kira Corporation Street.

Dabarar da ke cikin waɗannan ayyuka ta ɗan kasuwa ce tsantsa, kuma a nan ne jigon Marsh ya fi yin aiki. An ci bashi an sayi kadara mai kawo riba, ribar ta biya bashin, rarar ta shiga asusun gari. Chamberlain ya bambanta gas da ruwa: ya yarda a ci ribar gas, amma ya ce ruwa bai kamata ya zama hanyar riba ba, abin da ya ragu a mayar da shi wajen rage farashi. Gidan adana kayan tarihi da zane-zane na garin, wanda aka buɗe a 1885, a kan ofisoshin sashen gas aka gina shi, kuma sashen ne ya ɗauki nauyin ginin. Filayen sabon titi kuwa haya aka ba da su ta shekara 75, don su komo hannun gari da gine-ginen da ke kansu. Yabon gwani ya zama dole, domin mutum ne da ya ga abin da 'yan majalisa masu tsoron bashi suka kasa gani.

Sai dai akwai abubuwa biyu da tsarin tarihin rayuwa ke dannewa. Na farko shi ne cewa Chamberlain ba shi ya fara ba, kuma ba shi kaɗai ya yi ba. Manchester ta mallaki ma'aikatar gas ɗinta tun 1817, Glasgow kuma ta jawo ruwa daga tafkin Katrine a 1859, ta kafa hukumar gyaran unguwanni a 1866. A cikin Birmingham ɗin ma, limaman coci irin su George Dawson da R. W. Dale sun yi shekaru suna wa'azin cewa hidimar gari ibada ce, kafin attajirai su yarda su tsaya zaɓen majalisar gari. Wani ɗan majalisa, William White, shi ya zagaya lungunan unguwar St Mary's ya kawo rahoton halin da mutane ke ciki, shi ya kuma shugabanci kwamitin gyaran. E. P. Hennock ya bi diddigin wannan yunƙuri na jama'a a littafinsa Fit and Proper Persons na 1973. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma littafin da aka gina a kan mutum guda dole ya mayar da sauran hannuwan 'yan rakiya.

Abu na biyu ya fi nauyi. Alƙaluman da ake yawan kawowa don nuna nasarar shirin gyaran sun ce mace-mace a yankin da aka rushe sun sauka daga wajen 53 cikin dubu a 1873-75 zuwa 21 cikin dubu a 1879-81. Mai nazari zai tsaya ya tambaya: su wane ne aka ƙidaya a karo na biyu? Unguwar da aka kwashe matalautanta aka cika ta da kantuna da ofisoshi dole mace-macenta su ragu, ko da kuwa waɗanda aka kwashe suna can suna mutuwa a wata unguwar. Dokar da aka yi aiki da ita sunanta dokar gyaran gidajen ma'aikata, amma hukumar garin ba ta gina gidajenta na farko don ma'aikata ba sai a 1890, a Ryder Street, shekara 14 bayan Chamberlain ya bar kujerar. A wannan shekarar ce kuma wani ɗan jarida Ba'amurke, Julian Ralph, ya yi wa Birmingham kirarin garin da ya fi kowane gari kyawun mulki a duniya, kirarin da marubuta suka yi ta maimaitawa. Inda waɗanda aka tasa suka koma, da kuɗin hayar da suka iske a can, tambayoyi ne da ba a samun amsarsu cikin wasiƙun magajin gari. Sai an koma ga takardun ƙidayar jama'a da rahotannin jami'in lafiya na gari.

5.0 Ma'anar Alheri

Kalmar da Turawa ke kiran irin su Chamberlain da ita akan fassara ta da "mai alheri" ko "mai taimakon jama'a", kuma tana ɓoye wani bambanci da Hausa ta fi fitarwa. Akwai kyauta, wadda mutum ke yi daga aljihunsa, akwai kuma riƙon amana, watau kyautata sarrafa dukiyar jama'a. Chamberlain ya yi kyauta. Tun yana saurayi ya koyar da yaran ma'aikata a makarantar cocinsu, a 1875 kuma ya ba da fam 1,000 don sayen kayan zane na gari. Amma idan aka ajiye wannan kusa da miliyoyin da aka kashe a kan gas da ruwa da titi, za a ga cewa mafi yawan abin da ake lissafa masa a matsayin alheri bashi ne da aka ci da sunan masu biyan harajin gari. Haka kuma jami'ar: an gina ta ne a kan kwalejin da wani mai masana'anta, Josiah Mason, ya kafa da dukiyarsa, Andrew Carnegie ya ba da fam 50,000, Lord Calthorpe ya ba da fili, Chamberlain kuwa ya ba da sunansa da ƙwazonsa na tara kuɗi. Doguwar hasumiyar agogon da ke tsakiyar jami'ar sunansa take ɗauke da shi har yau.

Faɗin haka ba ya rage masa daraja, domin riƙon amana ya fi kyauta wuyar samu. Aibin yana ga rubutun da ke cuɗa su wuri guda, har mai karatu ya ɗauka cewa ruwan famfon Birmingham baiwa ce daga hannun attajiri. Idan aka kira abu kyauta, wanda aka ba ba shi da bakin tambaya. Idan kuwa amana ce, yana da haƙƙin ya nemi lissafi.

6.0 Daga Birmingham Zuwa Kogin Kwara

Littattafan biyu, bisa tsarin shekaru da suka bi, sun raba magajin gari da Sakataren Ƙasashen Mallaka da ɗaruruwan shafuna, har mai karatu na iya ɗauka cewa mutum biyu ne. Amma tun a Agusta 1895 Chamberlain ya gaya wa majalisa cewa yana kallon yawancin ƙasashen mallaka a matsayin gandaye da ba a raya ba, waɗanda ke buƙatar jarin gwamnati. Wannan shi ne tunanin da ya saye kamfanin gas, an faɗaɗa shi. A zamaninsa aka fara shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Ikko a 1896, ta isa Ibadan a 1901, aka kuma buɗe makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi a Landan a 1899.

A nan ne tarihinsa ya haɗu da na ƙasar Hausa. A 1897, da gasa ta tsananta tsakanin Ingila da Faransa a kan ƙasar Bargu, Chamberlain ya sa aka kafa rundunar sojan iyakar Afirka ta Yamma, ya ɗora Lugard a kanta, kuma Hausawa da Yarabawa ne suka fi yawa cikin sojojinta na farko. Yarjejeniyar Yuni 1898 ta raba yankin tsakanin ƙasashen biyu. Daga nan aka soke izinin mulkin Kamfanin Neja, aka biya shi diyyar fam 865,000 tare da alkawarin rabin kuɗin ma'adinai na wani yanki har shekara 99, gwamnati ta karɓi mulki ranar 1 ga Janairu 1900 a Lakwaja. Mai lura zai ga zubin iri ɗaya ne da na 1875: kamfani mai zaman kansa ya kasa, hukuma ta saye shi da farashi mai tsoka, ta ci gaba da aikin da sunan amfanin jama'a.

Bambancin kuwa shi ne wanda ya kamata a ce marubutan sun tsaya a kansa. A Birmingham akwai masu biyan haraji da ke da ƙuri'a, akwai jaridu, akwai zaman bincike da amincewar majalisar ƙasa kafin a rushe gida, kuma duk da haka talakawan tsakiyar gari sun faɗi ta tsakanin yatsu. A bakin Kwara babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Gandun da ake maganar rayawa yana da masu shi, da sarakunansa, da alƙalansa, da kasuwanninsa. Adalci ne a faɗi cewa lokacin da aka ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903 Chamberlain yana rangadi a Afirka ta Kudu, kuma Lugard ne ya matsa a kai harin alhali ofishin na Landan yana ɗari-ɗari. Amma rundunar da ta ci Kano, ta ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, ta kuma kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi ranar 27 ga Yuli, ita ce wadda ya kafa, kuma yana kan kujerarsa har Satumba ta wannan shekara.

A wajen Garvin al'amarin Kwara ja-in-ja ne tsakanin Landan da Paris, wanda tauraronsa ya yi nasara a ciki saboda taurin zuciya. Jigon Marsh zai iya kai mai karatu nesa da haka, amma ma'aunin ɗan kasuwa tambayarsa ita ce ko jarin ya biya, ba ya tambayar wanda aka karɓi filinsa. Muryoyin ɗaya ɓangaren kuwa suna nan. Akwai waƙoƙin da Alhaji Umaru na Kete-Krachi ya yi da Larabci da Hausa a kan zuwan Nasara, akwai labarin Baba ta Karo da Mary Smith ta buga a 1954, akwai kuma binciken R. A. Adeleye na 1971 a kan daular Sakkwato daga 1804 zuwa 1906. Abin lura ne cewa Bahaushe ya riƙe sunan Gwamna Lugga, amma sunan wanda ya naɗa shi bai shiga bakin jama'a ba, kamar yadda su ma jama'ar ba su shiga littafin tarihinsa ba.

7.0 Kammalawa

An ga yadda Garvin da Amery suka gina wa Chamberlain hasumiya ta takarda, da yadda Marsh ya sauko da shi ya zaunar da shi a teburin ɗan kasuwa, inda aka fi gane shi. Ɗalibin da ke neman sanin mutumin zai fi amfana da Marsh, ya riƙe Garvin saboda wasiƙu da jawaban da ya tattara. Amma zai buƙaci ya haɗa da Hennock idan yana son ya san Birmingham, ya haɗa da Adeleye da waƙoƙin zamanin idan yana son ya san abin da raya gandu ya zama a ƙasar Hausa.

Darasin bai tsaya ga Chamberlain ba. Rubuta tarihin attajirai da masu mulki ya yawaita cikin Hausa, kuma sau da yawa iyali ko tauraron kansa ke ɗaukar nauyin aikin. Mai irin wannan rubutu, da mai nazarinsa, za su amfana idan suka riƙa tambayar kuɗin wa aka kashe a kan aikin da ake yabo, da su wane ne suka yi shi tare da tauraron, da kuma inda waɗanda aka tasa daga filin suka koma. Amsar tambaya ta ƙarshe ba ta cika samuwa a gidan tauraron ba, sai marubuci ya fita ya nemi waɗanda abin ya shafa ko 'ya'yansu, tun suna da sauran tunawa.